Rumbunan Baba da Injin da Ban Saya Ba

Mu huɗu ne muka rage a Ƙanƙara cikin yaran da suka tashi a gidan gem na bayan tasha. Gidan ya daɗe da rufewa, yanzu taki ake sayarwa a cikinsa. Mu kuma duk mun yi aure, wasunmu har sun ajiye tumbi, amma da an ambaci gem sai mu koma 'yan shekara goma sha biyar. Kullum bayan la'asar muna haɗuwa a kan benci gaban shagon abokina mai gyaran waya, wanda kuma yake yi wa mutane caji da sola. Shi ne abokin gardamata tun muna zama kan tabarma ɗaya muna fizgar hannun gem. In na ce fari ya ce baƙi, in na koma baƙi don a zauna lafiya sai ya ce ai dama fari ne.

Ni malamin firamare ne, kuma ina da zuciya. Ba yabon kaina nake ba, ciwo ne. In gardama ta yi zafi bakina yakan riga hankalina fita, sai daga baya hankalin ya biyo yana haki.

A bazarar da nake magana a kai, abin da ya ɗauke mana hankali shi ne wani tsohon wasa da aka sake yi masa zubi. Wasan wani mai gadi ne da ke shiga garin da mutanensa suka watse, riƙe da tocila mai raunin batir, wani abu yana bin bayansa. Da muna yara fuskokin mutanen cikinsa kamar bulo suke, duhu kuma ya cinye rabin talabijin ɗin, amma mukan yi ihu har mai gidan gem ya yi barazanar kashe janareto. To shi ne aka sake shi sabo fil, har zufar goshin mai gadin ana gani. Sai dai ba ya tashi a kan tsohon inji, sai a kan sabon da ya fito, wanda kuɗinsa ya kai na shanun huɗa biyu. Cikinmu ba wanda ya taɓa taɓa shi. Guntayen bidiyo kawai muke gani a waya, amma muna gardama a kansa kamar mu muka ƙera shi.

Mai gyaran waya ya tsani sabon. Ya ce sun kunna fitila a inda duhun shi ne daɗin abin, sun kuma sa wata kibiya tana nuna maka hanya kamar makaho da ɗan jagora. Ya ce tuwon jiya ne aka ɗumama ake sayar maka da kuɗin sabo, sannan a ce sai ka sayi sabon kwano kafin a zuba maka. Ni kuwa na ce abin da idonmu na yara ya yi ta ƙoƙarin hangowa cikin duhun nan, shi ne aka fito mana da shi fili. Na ce wanda ya san aikin da aka zuba ba zai ce injin ya yi tsada ba.

Ranar kasuwa ce, bencin ya cika da baƙi masu jiran caji. Abokina yana kan wata waya da ƙaramin sukudireba, ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Ku ji mai kare kuɗɗin da ba shi taɓa biya. Malam, albashinka na shekara nawa za ka haɗa? Kai da ko data sai ka jira ƙarshen wata."

Aka yi dariya, har da baƙin. Ita ce ta ƙona ni.

Na ce, "To bari ka ji. Na riga na biya. Shina Kano, sati mai zuwa za a turo mani shi."

Dariyar ta tsaya. Abokina ya ajiye sukudireba ya dube ni, ba da fuskar wanda aka kayar a gardama ba, da fuskar wanda ya ga maciji kusa da ƙafar ɗan'uwansa. Nan take na gane abin da na yi. Tun da 'yan bindiga suka cika dazukan da ke yamma da mu, ba wanda ke cewa yana da shi a ƙasarmu. Mai sabon gida ba ya yi masa fenti ta waje. Wanda ya sayar da waken suya yakan dawo daga kasuwa yana kukan faɗuwa. Ko tambayar mutum aka yi ya kasuwa, sai ya waiga kafin ya ce an gode Allah. Kowa ya san akwai masu kai labari cikin daji, ba a dai san ko su wane ne ba. Ni kuwa ga ni a ranar kasuwa, gaban mutanen da ban sani ba, na ce na zuba kuɗin shanu biyu a kan abin wasa.

Wani mutum a ƙarshen bencin, da ya kawo wayoyi shida a leda ɗaya, ya tambayi na kusa da shi a hankali nawa aka ce kuɗin injin. Aka gaya masa. Ya gyaɗa kai, ya karɓi wayoyinsa tun ba su cika ba, ya hau babur ya tafi. Wataƙila mutumin kirki ne da 'yan ƙauyensu suka haɗa masa wayoyi. Haka na yi ta gaya wa kaina har na isa gida.

Washegari tun kafin a zauna na ce, "Maganar jiya ƙarya ce hwa. Ban sayi komi ba, haushi ne ya ɗebe ni."

Abokinmu direba, mai jigila tsakanin Ƙanƙara da Funtuwa, ya ce, "Haka ya kamata ka riƙa cewa, Malam. Ka riƙe wannan."

Na ce ba dabara nake ba, wallahi ƙarya na yi. Ya ce ai ya gane, ya kashe mani ido. A nan na ga irin ramin da na faɗa. A garin da kowane mai abu yake rantsuwa ba shi da shi, musun da na yi ya zama shaida. Mai gyaran waya kaɗai ya san gaskiya, don ya san aljihuna kamar nasa. Ya ɗauki aikin tona mani asiri da zuciya ɗaya. Duk wanda ya kawo caji sai ya nuna ni ya ce, "Kun ga wanga? Takalmin ƙafarshi ma sau uku ana ɗinke shi." Da can da mun yi dambe a kan wannan. Yanzu ina zaune ina addu'ar Allah ya sa a yarda da shi.

Ba a yarda ba. Mai naman da nake saye wurinsa ya fara ce mani ranka ya daɗe. Kwana uku bayan haka matata ta dawo daga suna ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, ta ce mata suna ta yi mata barka. Ta ce lissafin da aka yi a can shi ne malamin firamare ba zai iya ba, don haka kuɗin na Baba ne. Wai Alhaji ya buɗe rumbu ya sayar da dawa, har ya rasa yadda zai yi da kuɗi ya ba ɗansa ya sayi abin wasa.

Sai da na zauna a ƙasa. Duk kwanakin nan kaina nake jin wa tsoro, ni da ke cikin gari. Ban taɓa kawo Baba a raina ba. Yana zaune a wani ƙauye gaba da Ketare, gidansa shi ne na ƙarshe ta wajen gonaki, shi da Inna su biyu. Ya je Makka tun zamanin da auduga ke da daraja, sunan Alhaji ya bi shi. A bayan gidan akwai manyan rumbuna uku da ya gina da hannunsa, ana hango jinkarsu tun daga hanya. Shi ne mutumin da in kaka ta yi ake zuwa zaurensa karɓar zakka. Duk wata kuma yana turo mani buhun dawa ta hannun direba, ban taɓa tambayar yadda yake yi ba.

Ranar Laraba ana cikin hutun tara a makaranta, yara suna guje-guje a fili, wata baƙuwar lamba ta kira ni.

"Kai ne ɗan Alhaji na wajen Ketare?"

Na ce, "Wa ke magana?"

"Shina gida kuwa kwanan ga?"

Na sake tambayar ko wane ne, aka kashe. Na kira, wayar a rufe. Har yau ban san ko wane ne ba. Zai iya zama mai neman iri, ko wani tsohon abokin Baba. Amma a ranar da aka koma aji na kasa tara hankalina. Na rubuta kwanan wata a allo sau biyu ina gogewa, yara suna kallona. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba, mai haɗe da kunya, don na san in wani abu ya sami tsohon nan bakina ne ya jawo.

Da safe na nemi izini na kama hanya. Na yi duk abin da muke yi kafin tafiya: na goge saƙonnin banki, na goge hotuna, har bidiyoyin wasan nan da na tara na share su, na sa tsohuwar riga. Muka jira sai da motoci suka fara shigowa daga can, alamar hanya ta yi kyau, sannan muka tashi. Wata tsohuwa a motar tana ta jan salati. Duk inda ciyayi suka yi duhu a gefen titi sai in kafa wa wurin ido har mu wuce.

Na sami Baba a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi makaranta, sannan ya ce, "Yau ba Asabar ba. Mi ya faru?"

Na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Bai katse ni ba sai da na kai ƙarshe.

"Injin ga, shina niƙa?"

"A'a, Baba."

"Shina jan ruwa?"

"A'a. Wasa ake yi da shi a talabijin."

"Wasa." Ya juya igiyar a hannunsa. "Kuɗɗin shanu biyu. To ka saye shi?"

"Ban saya ba."

"Kana da niyya?"

"Ko na yi niyya ba ni da hali, Baba."

"To mi ya kai ka?"

Na ce an yi mani dariya ne. Ya ci gaba da tufkarsa. Na so ya zage ni, ko ya ɗauki igiyar nan ya zabga mani kamar da, da na ji sauƙi. Na roƙe shi ya tattara su dawo Ƙanƙara shi da Inna, ko na wata biyu ne. Ya ce wanda ya bar gida ana gab da shuka ya bar shekara. Ya ce kuma gudu shi zai tabbatar wa mutane akwai abin da ake gudu da shi. Na ce to in tashi a masallaci ranar Juma'a in faɗa da bakina ƙarya na yi.

Ya ce, "Bakinka ya riga ya yi aikinshi. Yanzu ba baki mutane ke so ba, ido suka so." Ya miƙe yana dafa bango. "Ka kwana. Gobe akwai aiki."

Da yamma na ji yana aika wa maƙwabta cewa gobe da hantsi yana gayyar gyaran jinkar rumbu kafin ruwa ya sauka. Na yi mamaki. Gyaran jinka a bazara ba baƙon abu ba ne, amma ba a yi masa gayya. Mai gida da 'ya'yansa ke yi, rumbu ɗaya bayan ɗaya, don ba a buɗe wa bare cikin rumbu. Abin da ke ciki tsakanin mutum ne da Ubangijinsa. Ni da aka haifa a gidan, tun da na girma na bar ƙauye ban sake leƙa ko ɗaya ba. Da Inna ta ji saƙon sai ta ajiye muciya ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Hantsi na yi mutane suka taru, sun kai goma sha biyar, har da waɗanda ba a kira ba. Baba ya ce a ɗage jinkar duka ukun lokaci ɗaya a sauke ƙasa, wai ya fi sauri. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Alhaji, duka?" Ya ce duka. Sannan ya juyo gare ni ya ce in hau tsani in kama masu.

Ni na fara leƙa na farkon. Ba komai a ciki sai ƙaiƙayi da kashin ɓera da yanar gizo-gizo. Na ɗauka idona ne bai saba da duhun ba, na ƙara sunkuyawa. Ƙasan rumbun nake gani, a share. Muka matsa na biyu, shi ma haka, har wata tsohuwar sheƙar tsuntsu a gefe. Na ukun ne kaɗai ke da dawa, ita ma ba ta kai gwiwar mutum ba. Waɗanda suka hau tare da ni suka leƙa, suka sauka. Wasu suka hau da sunan duba tsagewar bango. Baba yana tsaye a rana, hannuwansa a baya, yana ba da umarnin inda za a ajiye sabuwar ciyawa kamar ba abin da ke faruwa.

Na sauko. Na sami Inna a bayan ɗaki na tambaye ta tun yaushe. Ta ce shekara uku ke nan bai noma babbar gonar da ke bakin daji ba, tun ranar da aka kore su daga cikinta da rana tsaka. Ƙaramar ta bayan gida kawai yake nomawa. Ya hana ta gaya wa kowa, har ni. Duk shekara yakan shafe rumbunan da sabuwar ƙasa, ya gyara jinkarsu shi kaɗai da sassafe. Zakkar da ake karɓa a zaure ta daɗe da daina zama zakka, daga abincinsu yake ɗiba don kada a gane.

Na ce, "Buhun da ake kawo mani hwa?"

Ta ce, "Daga ina kake zato?"

Ban iya cin abincin gayyar ba. Na zauna ina kallon mutane suna ɗaure ciyawa, suna magana ƙasa-ƙasa, kowa yana kauce wa idon Baba. Kafin azahar labarin ya kai Ketare. Kafin in koma Ƙanƙara ranar Asabar ya riga ni isa. Direba ya tare ni a tasha ya kama hannuna ya ce, "Ashe da gaske kake, Malam." Mai nama ya koma kirana Malam. A benci kuwa aka daina maganar wasan in ina wurin, sai na tashi nake jin sun ci gaba, mai gyaran waya yana nan a kan bakansa cewa sun lalata shi da haske.

Ba wanda ya zo gidan Baba. Ban san ko rumbunan ne suka hana ba, ko dama ba mai niyyar zuwa. Wannan rashin sanin ya fi komai ci mani rai, don yana yiwuwa tsohon ya tona asirin da ya rufe shekara uku a kan kiran wani mai neman iri. Duk daminar nan in waya ta yi ƙara sai in fara duba ko baƙuwar lamba ce. Na hana a sake kawo mani buhu, na fara aika abin da na iya, Baba ya mayar da na farko, ya karɓi na biyu.

Da kaka ta yi na je taya shi ɗaurin dawar ƙaramar gona. Muna zaune a zaure bayan azahar sai ga dattijon nan maƙwabcinmu, wanda tun ina yaro nake ganinsa yana zuwa karɓar rabonsa na zakka a wannan zauren. Ya yi sallama, ya sauke dami biyu na dawa a bakin ƙofa. Bai ambaci sunan abin ba. Ya ce, "Alhaji, ga wannan a dama ma jikoki kunu in sun zo."

Duk mu ukun mun san mene ne. Zuciyata ta taso, na buɗe baki zan ce mun gode, muna da abin da ya ishe mu. Baba ya kama wuyan hannuna ya matse, da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba.

Ya ce wa dattijon, "Allah shi karɓa. Allah shi ƙara rufa asiri."

Mutumin ya amsa da amin yana duban ƙasa, ya yi saurin fita. Baba ya sake ni, ya ce, "Ɗauka ka kai ma uwarka."

Na ɗora dami ɗaya a ka na shiga da shi, na dawo na ɗauki na biyun. Baba yana nan inda na bar shi, ya juya fuskarsa wajen bango, yana neman bakin igiyarsa da hannu bai samu ba.